Yanda zaka bi sawun abun da Ramones suka bari a duniyar kiɗa

In kana so ka gane dalilin da yasa har yau ake maganar Ramones, wato Joey da Johnny da Dee Dee da Tommy, wasu samari huɗu 'yan unguwar Forest Hills dake Queens a birnin Niyok, waɗanda suka haɗa ƙungiya a 1974 suka ajiye kayan kiɗa a 1996, kuma duka huɗun na asali yanzu babu ko ɗaya a raye, toh karanta tarihinsu kaɗai bazai kai ka ko'ina ba. Tarihin ma in ka duba ta ɓangaren kuɗi da cin kasuwa abun tausayi ne, faifansu na farko a lamba 111 ya tsaya a jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka, kuma sai a 2014, shekara 38 bayan fitowarsa, sannan aka tabbatar ya saida kwafi dubu 500 a Amurka. Amma duk wani yaro da ya taɓa ɗaukar jita ya haɗa abokai uku a gareji yace mu gwada, akwai hannun Ramones a ciki ko ya sani ko bai sani ba. Ga yanda ni nake ganin ya kamata mutum ya bi abun, kuma da kunne za'a fara.

Fara da faifan farko, kuma kar ka tsallake waƙa

Faifan sunansa Ramones kawai, ya fito a watan Afrilun 1976 a kamfanin Sire. Waƙoƙi 14 ne cikin kusan minti 29, mafi tsawo a cikinsu da kyar ta wuce minti biyu da rabi, an ɗauke shi cikin 'yan kwanaki a kan kuɗi dala 6,400 a lokacin da manyan mawaƙan rok suke shafe watanni a situdiyo suna narka dukiya. Ka samu rabin awa da babu mai damunka, ka sa abun ji a kunne, ka barshi ya tafi daga farko har ƙarshe. Karon farko zakaji kamar waƙa ɗaya ce ake ta maimaitawa, kowa haka yake ji, kar ka damu.

A karo na biyu kayi wannan dabarar, ka cire abun jin na kunne ɗaya. A asalin haɗin faifan an tura jitar Johnny ɓangare ɗaya, bes ɗin Dee Dee, wato jita mai kaurin sauti, kuma ɗaya ɓangaren, ganga da murya a tsakiya, irin yanda akeyi a tsofaffin faifan Beatles. Toh da kunne ɗaya zakaji jitar ita kaɗai tana ta gurnani kamar injin yankan katako babu hutu babu ado, sai ka canja kunne kaji bes ɗin yana bin sautin tushe kawai, baya yawo ko'ina. In kuma wanda ka samu sabon haɗi ne da aka gauraya komai a tsakiya toh nemi na asalin, don wannan rabewar ita zata nuna maka ƙashin waƙar.

A karo na uku abun da nake so ka saurara shine abun da babu. Babu doguwar solon jita da mutum zai tsaya yana nuna gwaninta minti biyar, babu dogon share fage kafin a shiga waƙa, mai ganga baya zagaye gangunansa yana burga. A farkon shekarun 1970 rok ya kumbura sosai, ana waƙa ɗaya mai cinye gefen faifai gaba ɗaya, ana cika dandamali da kayan wuta da makaɗa kamar za'a yi taron ƙasa, su kuma waɗannan suka zo suka zubar da duk abun da za'a iya zubarwa suka bar abun da in an cire shi waƙar ta mutu. Wannan cirewar ita ce gadon nasu na farko, kuma in baka ji ta da kunnenka ba sauran bayanin duk zai zama labari ne kawai.

Wani abu da mutane suke wucewa basu lura ba, ka bar hayaniyar jitar ka bi muryar Joey kaɗai. Zakaga waƙoƙi ne masu daɗi masu saurin kama baki, irin na Beach Boys da ƙungiyoyin 'yan mata na shekarun 1960 kamarsu Ronettes, su Ramones ɗin masoya rediyon yarintarsu ne na gaske, burinsu ma a sa waƙarsu a rediyo su shahara, ba wai sun fito bane don su ɓata wa kowa rai. Sunan nasu ma daga Paul McCartney suka samo shi, wanda ya taɓa amfani da sunan Paul Ramon a farkon Beatles, sai kowa a cikinsu ya laƙaba Ramone a bayan sunansa duk da basu haɗa dangi ba. Zaƙin muryar da kaushin jitar a haɗe, shine abun da daga baya ya zama kiɗan su Green Day da Offspring.

Bayan wannan sai ka ji Rocket to Russia na 1977, ni a wajena shine mafi kyau a duka faifansu 14 na situdiyo, wasu zasuce Leave Home, ba zamu yi faɗa ba. Sai It's Alive, wanda aka ɗauka kai tsaye a Rainbow Theatre a Landan daren 31 ga Disamban 1977, waƙa 28 cikin ƙasa da awa ɗaya, tsakanin waƙa da waƙa babu dogon surutu sai Dee Dee ya ƙwalla ƙirga ɗaya zuwa huɗu an faɗa ta gaba.

Yanzu ka gwada da hannunka

Nan ne wajen da nafi so mutum ya daɗe, don gani ya kori ji. Ko aro ne ka samu jita, ba sai mai tsada ba, shi kansa Johnny jitar Mosrite ta hannu ya siya a wajen dala 50. Ka koyi kamun tsirkiya guda ɗaya, wanda ake shimfiɗa ɗan yatsan nuni ya danne duka tsirkiyoyin a gaɓa ɗaya sauran yatsun su biyo gabansa, makaɗa suna ce masa bar kod. Amfanin sa shine siffar hannun bata canjawa, sai dai ka zame da shi sama ko ƙasa a wuyan jitar, in ka iya shi da ɗan'uwansa da ake farawa daga tsirkiya ta biyar toh ka riƙe mafi yawan waƙoƙin Ramones a hannun hagu. Blitzkrieg Bop, waƙar da ta buɗe faifan farko, kusan duka a kan kamu uku, A da D da E, take tafiya. Cikin sati ɗaya zuwa biyu mai naci zai iya kamawa.

Ba anan gizo ke saƙar ba, hannun dama ne. Johnny baya kaɗa tsirkiya sama da ƙasa yanda kowa yakeyi don ya huta, ƙasa kawai yake bugawa, kowane bugu ƙasa, sau biyu a kowace ƙirga. Waƙar tana tafiya a wajen ƙirga 175 a minti, kenan kusan bugu 350 a minti ɗaya, wajen shida a kowane sakan, duk da hannu ɗaya ta fuska ɗaya. Ka sauke manhajar metironom, mai yi maka ƙirgar bugu, a waya ka fara a 100, ka riƙe minti biyu cur ba tare da ka ɓata ba, sannan ka ƙara biyar ko goma. Ka sassauta wuyan hannu, kar ka ƙanƙame 'yar robar kaɗawar, in kaji dantsenka ya fara zafi kamar an sa wuta ka tsaya ka girgiza hannun, kar ka matsa don ciwon jijiya ba wasa bane. Yawancin mutane a wajen 140 suke fara satar bugun sama, kuma da ka saci ɗaya sautin zai canja, wannan kaurin da yake zuwa kamar bango zai zama wani abu mai lilo. Toh ka tuna shi a tsaye yakeyi, ƙafafu a buɗe, jita a rataye can ƙasa, fiye da awa ɗaya, kuma a dandamali sunfi faifai sauri, kuma sunyi wasa 2,263 cikin shekara 22.

In ganga ce taka, labarin ɗaya ne. Tommy asali ba makaɗin ganga bane, manajansu ne, yana nuna wa masu zuwa gwaji yanda yake so a buga har aka ga babu wanda yake yi kamarsa sai ya zauna kan kujerar, shi kuma Joey wanda da shine mai gangar ya koma gaba yana waƙa. Salon shine hannun dama yana ta zuba bugu takwas-takwas a kan faranti ba tsayawa, ƙafa da hannun hagu suna musayar ɗaya da biyu. A ido kamar ba komai, ka gwada minti uku ka gani.

Abun da wannan gwajin zai koya maka wlh babu littafin da zai koya maka shi. Ƙofar shiga a buɗe take, duk wanda ya zo zai iya farawa yau, shi yasa dubban yara suka gansu suka ce ashe muma zamu iya. Amma yi da kyau yana cin horo irin na soja, kuma Johnny dama haka ya tafiyar da ƙungiyar, har tara yake cin wanda ya makara. Masu cewa Ramones basu iya kiɗa ba yawanci basu taɓa gwada riƙe wannan hannun daman ba.

Bi zaren daga Niyok zuwa waje

Ka fara da CBGB, wata 'yar mashaya a lamba 315 titin Bowery a Manhattan wadda Hilly Kristal ya buɗe a 1973 da niyyar kiɗan kantiri da bulus, amma ta koma matattarar su Television da Patti Smith da Blondie da Talking Heads. Ramones sun fara wasa a can ranar 16 ga Agustan 1974, wasan nasu a lokacin baya kai minti 20, wani sa'in har da tsayawa suyi gardama a gaban mutane kan wace waƙa ce ta gaba. Ka saurari waɗannan ƙungiyoyin ɗaya bayan ɗaya zakaga basu kama da juna ko kaɗan, abun da ya haɗasu shine kowa da waƙarsa ta kansa yake zuwa kuma babu mai jiran izinin kamfani.

Sai Landan. Ranar 4 ga Yulin 1976, ranar da Amurka take bikin cika shekara 200, sunyi wasa a Roundhouse, washegari kuma a Dingwalls, inda 'yan Sex Pistols da Clash suka zo suka haɗu dasu. Nan sai ka yi hattara da masu ƙarin gishiri, zakaji ana cewa wai Ramones ne suka haifi pank na Ingila, wato wannan salon rok mai sauri da kaushi, a dare ɗaya, ba haka bane, Sex Pistols tun Nuwamban 1975 suke wasa, kuma a daren Roundhouse ɗin ma su da Clash suna Sheffield, a can ne Clash sukayi wasansu na farko. Abun da za'a iya tsayawa a kai shine faifan Ramones ya riga ya shiga hannun waɗannan yaran, kuma bayansa kowa ya ƙara sauri ya rage tsawon waƙa. Ka ji waƙar Damned ta farko da ta fito a Oktoban 1976 da faifan Clash na farko na 1977 a jere da na Ramones, kunnenka zai gaya maka. Bambancin kuma a fili yake, 'yan Ingila sun cika abun da fushin rashin aiki da siyasa, su kuma Ramones waƙoƙinsu na zaman banza ne da soyayya da finafinan ban tsoro da barkwanci mai duhu.

Kar ka tsaya a kiɗa kaɗai, ka duba takarda. A watan Yulin 1976 wani ma'aikacin banki a Landan mai suna Mark Perry ya fitar da wata 'yar mujalla da aka rubuta da hannu da tafireta aka yi mata hoto a inji aka maƙale da sitefila, Sniffin' Glue, sunan daga wata waƙar Ramones ya ɗauko shi. A farkon 1977 wata irinta mai suna Sideburns ta buga zanen kamun jita guda uku tace wa mai karatu toh je ka haɗa ƙungiya. A watan Janairun shekarar Buzzcocks na Manchester suka ranto kuɗi suka buga faifansu da kansu ba tare da wani babban kamfani ba. Wannan ɗabi'ar ta yi da kanka ita ce ta bazu, ƙananan kamfanonin faifai, mujallun hannu, ƙungiya ta shiga ƙaramar mota tana bin gari-gari tana kwana a falon masoya, duk daga wannan zamanin suka samu ƙarfi, kuma ba Ramones kaɗai suka kawo ta ba amma su ne hujjar da kowa yake nunawa.

Daga nan zaren yayi rassa da yawa, zaɓi wanda ya maka. Bad Brains na Washinton daga waƙar Ramones suka samo sunansu, kuma su da Black Flag suka ƙara wa abun sauri da zafi ya zama salon da ake ce wa hadko. Motörhead sun yi musu waƙa sukutum a 1991. Shonen Knife, mata 'yan Osaka a Japan, sun fitar da faifai guda na waƙoƙin Ramones zalla a 2011. U2 sun buɗe faifansu na 2014 da waƙar tunawa da Joey. A 1994 Green Day da Offspring suka saida miliyoyin kwafi da salon da Ramones suka share wa hanya, su kuma masu abun suna nan suna wasa a ƙananan zaure a ƙasarsu, faifansu da yafi hawa sama, End of the Century na 1980 da Phil Spector ya haɗa, a lamba 44 ya tsaya. Wannan abun yana min ciwo gaskiya.

In kana son ganin inda aka basu haƙƙinsu tun suna raye, nemi bidiyon wasanninsu na Kudancin Amurka. A Ajantina da Barazil kamar sarakuna aka ɗaukesu, matasa suna kewaye motarsu da otal ɗinsu, kuma a Maris ɗin 1996 sunyi bankwana da yankin a filin ƙwallon River Plate dake Buenos Aires, jama'a kamar da bakin ƙwarya. Wasan ƙarshe gaba ɗaya kuma a zauren Palace na Hollywood akayi shi ranar 6 ga Agustan 1996.

Koyi karanta tambarin da kayan

Tishat ɗin Ramones ya zama ruwan dare, har ana cewa sunfi saida riga akan faifai. In ka samu ɗaya ka shimfiɗa ta ka duba. Wanda ya zana tambarin Arturo Vega ne, ɗan Meziko, abokinsu mai kula musu da fitilu, ya ɗauko hatimin shugaban ƙasar Amurka ya juya shi, gaggafar tana riƙe da sandar wasan besbol a ƙafa ɗaya maimakon kibau, saboda Johnny mayen besbol ne, ɗaya ƙafar kuma reshen tuffa maimakon na zaitun, a zagaye sunayen 'yan ƙungiya huɗu. Sunayen su zasu gaya maka zamanin, in kaga Tommy toh na farko ne, Marky ya shigo a 1978, Richie yayi daga 1983 zuwa 1987, CJ ya karɓi bes a 1989 bayan tafiyar Dee Dee.

Shigar ma tsari ce, jaket ɗin fata baƙi, jins yagagge a gwiwa, kambas, gashi har ido, kowa iri ɗaya. Hoton bangon faifan farko da Roberta Bayley ta ɗauka, su huɗu jingine da bangon bulo, ka kalle shi sannan ka kalli hotunan ƙungiyoyin rok na shekaru 40 da suka biyo baya kaga sau nawa aka maimaita tsayuwar. Su kuma masu tare mutum a hanya suna cewa tunda ka sa rigar kawo sunan waƙa uku, ni ban ga amfanin wannan ba, ƙungiyar da duk saƙonta shine kowa ya shigo bai kamata a sa mata mai gadi ba, in ka ga mai rigar bai san kiɗan ba ka tura masa faifan kawai.

Kar ka wanke su tas

In zaka ba wani labarinsu ka bashi har da mara daɗin. Joey da Johnny sun shafe shekaru da yawa basa ga maciji da juna, suna mota ɗaya dandamali ɗaya amma ba magana, akwai rigimar mace a ciki, akwai kuma siyasa, Johnny ɗan ra'ayin riƙau ne mai son shugaban Amurka Reagan, Joey kuma akasin haka, har a 1985 ƙungiyar ta fitar da waƙar sukar ziyarar Reagan maƙabartar sojoji ta Bitburg a Jamus, abun da bai yi wa Johnny daɗi ba. Wasu waƙoƙin farko suna wasa da kalmomin zamanin Nazi don tsokana, duk da Joey da Tommy Yahudawa ne, iyayen Tommy ma sun tsira ne daga kisan ƙare dangi a Hangari, kai zaka yanke wa kanka hukunci ko barkwancin ya wuce gona da iri. Dee Dee, wanda ya rubuta kaso mai yawa na waƙoƙin, ya sha fama da hodar iblis ta heroyin kuma ita ta kashe shi a Yunin 2002, watanni kaɗan bayan an shigar dasu zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame. Joey bai ma ga wannan ranar ba, ciwon daji ya ɗauke shi a Afrilun 2001, Johnny ya bi a 2004, Tommy a 2014, suma ciwon daji. Lambar Grammy ta girmamawa a 2011 ta zo. In kana son ganin wannan ɓangaren da bakinsu, akwai fim ɗin tarihinsu na 2003 mai suna irin na faifan 1980 ɗin, basu ɓoye komai ba a ciki.

Wanda Allah ya kaishi Niyok kuma, CBGB dai an rufe ta a Oktoban 2006, a 2008 wajen ya koma shagon kayan sawa masu tsada, suka bar wani ɓangaren bangon da tsofaffin fastoci don masu zuwa kallo. A gaban makarantar sakandaren Forest Hills akwai titin da aka sa wa Ramones Way a 2016, a Balin ta Jamus wani masoyinsu ya buɗe gidan tarihinsu a 2005, ya sha canja mazauni don haka ka bincika adireshi kafin ka tashi, mutum-mutumin Johnny da jitarsa yana maƙabartar Hollywood Forever a Los Anjalis. Kwanar Bowery da titi na biyu kuma tun 2003 sunanta Joey Ramone Place, in kaje ka ɗaga kai sosai kafin ka hango allon, an sace shi sau da yawa har hukumar birnin ta gaji ta ɗaga shi can sama inda hannu baya kaiwa.